Me ya sa Linux ke hawa kowace laftof amma yake wahalar da ƙananan na'urori?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko wata kasuwa irinta, ya san tambayar farko da ake yi idan an kawo wayar da ta tsaya a kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa: wace lamba ce? Sunan kamfani kaɗai bai wadatar ba. Sai an duba lambar samfurin, wani lokacin ma har lambar da ke jikin fanel, domin waya biyu masu suna ɗaya na iya zuwa da sikirin daban ko memori daban. In aka yi mata filashin da fayil ɗin da ba nata ba, ko dai ta mutu murus, ko ta tashi da sikirin fari fat, ko ta daina jin taɓi. Amma mai gyaran kwamfuta da ke rumfa ta gaba filash ɗaya gare shi a aljihu. Da shi yake ɗora Windows ko Ubuntu, wani nau'in babbar manhajar Linux, a kan HP da Dell da Lenovo, tsohuwa da sabuwa, bai ma damu ya san wa ya ƙera fanel ɗin ba.

Abin mamakin shi ne, Linux ɗin da ake cewa yana da wuyar ɗorawa a ƙananan na'urori yana cikinsu tun daga masana'anta. Kowace wayar Android a kansa take tafiya. Haka yawancin rautocin intanet na gida, da talabijin masu intanet, da akwatin da ke naɗar hoton kyamarorin tsaro, da injinan POS masu sikirin da ake cire kuɗi da su a bakin titi. Har ɗan jirgin nan mai saukar ungulu, Ingenuity, wanda hukumar NASA ta tayar a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilu 2021, Linux ne a cikinsa, a kan cip ɗin Snapdragon 801 na kamfanin Qualcomm, irin wanda aka sa wa wayoyin 2014. Ke nan hawa kam yana hawa. Abin da ke gagara shi ne wani mutum daban, wanda ba kamfanin ba, ya ɗauko sabon Linux ya ɗora wa na'urar da ya saya da kuɗinsa, komai kuma ya yi aiki.

A ƙa'ida bai kamata a samu wannan cikas ba. Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, a 1992 ya sa shi ƙarƙashin lasisin GPL, kuma sharaɗin lasisin a fili yake: kowa na iya karanta rubutun manhajar, ya gyara, ya sayar ma in ya ga dama, amma duk wanda ya miƙa wa wani na'ura mai ɗauke da shi, wajibi ne ya ba shi hanyar samun rubutun asali haɗe da gyare-gyaren da ya yi. Rijiya ta bayar ke nan. Saura mu ga inda guga ya hana.

Bari mu fara sallamar dalilin da kowa ke fara kawowa, wato ƙanƙanta. Gaskiya ne akwai cip ɗin da ya yi wa Linux kaɗan. Wanda ke kan Arduino Uno, da ɗaliban injiniya ke koyon aiki da shi, ram ɗinsa KB 2 ne kacal. ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ake sa wa ƙwan lantarki da soket masu Wi-Fi, yana da KB 520. Linux kuwa megabait yake ci, kuma yana son wani sashe da ake kira MMU, wanda ke yanka wa kowace manhaja gonarta a cikin ram ya kafa iyaka, kada wata ta shiga shukar wata. Tun 1998 aka yi uClinux don cip marasa wannan sashe, amma kullum a takure yake. Wani injiniya, Dmitry Grinberg, ya taɓa tayar da Linux a kan irin waɗannan 'yan mitsi-mitsin a 2012 don nishaɗi, aka shafe awa biyu kafin ya gama tashi. A 2024 ya maimaita a kan Intel 4004 na 1971, aka kwana huɗu da 'yan kai ana jira. Wannan ba abin damuwa ba ne, jaki ne ba a aza masa kayan raƙumi. Akwai buɗaɗɗun manhajoji da aka ɗinka daidai wuyansu, irin su FreeRTOS na 2003 da Zephyr na 2016. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Wahalar tana wajen cip masu ƙarfi, waɗanda wasunsu sun fi laftof ɗin shekara goma da suka wuce kuzari.

Kwamfutar tebur da laftof galibi jikokin IBM PC ne na 1981. Kamfanonin da suka kwaikwayi IBM burinsu ɗaya ne, faifan DOS ɗin da ya yi aiki a can ya yi aiki a nasu, daga baya kuma faifan Windows. Wanda ya kauce wa layi, kayansa su yi kwantai. Da haka aka samu tsari guda: BIOS, wanda UEFI ya gada, shi ke tayar da na'ura, jadawalin ACPI yana faɗa wa babbar manhaja abin da ke kan fanel, duk abin da aka jona ta PCI ko USB kuwa, da an tambaye shi zai faɗi lambar kamfaninsa da lambar samfurinsa. Kamar baƙo ne ya sauka a gari, mai unguwa ya tarbe shi ya lissafa masa gidaje, duk ƙofar da ya yi sallama mai gida ya fito ya faɗi sunansa. Sai Linux ya duba cikin jakarsa ya ɗauko direban da ya dace, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakaninsa da wannan ƙarfen. Akwai abin dariya a nan wanda masoya Linux ba su cika son ji ba: mamayar da Microsoft ya yi wa kasuwa ce ta share wa Linux hanya a kan laftof.

A ƙananan na'urori ba a taɓa samun wanda ya tilasta wa kowa bin layi ɗaya ba. Mafi yawansu a kan zanen kamfanin Arm suke, wanda aka kafa a Kambrij ta Ingila a 1990. Arm ba ya ƙera cip ɗin waɗannan na'urori. Zanen ƙwaƙwalwar yake ba da haya, sai Qualcomm a Amurka, ko MediaTek a Taiwan, ko Unisoc da Rockchip da Allwinner a Sin, su ɗauka su kewaye shi da sauran sassa yadda suka ga dama: mai sarrafa ram, mai zana hoto, mai buɗe bidiyo, mai raba wuta, agogunan ciki da dama. Duk a dunƙule cikin baƙar ƙwaya guda. Harshen ƙwaƙwalwar ɗaya ne, amma adireshin kowane sashe da hanyar tayar da shi sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har daga samfuri zuwa samfuri a gida ɗaya. Sannan mai haɗa fanel ya zo ya ƙara nasa. Ƙafa ɗaya ta cip na iya zama ta fitila a wannan fanel, a wancan kuma ita ce ke kunna wa Wi-Fi wuta. Ƙananan layukan da ake jona sassa da su, irin su I2C da SPI, ba su da al'adar faɗin suna. Baƙon namu a nan cikin dare ya sauka, ba fitila, ba mai unguwa, ba mai amsa sallama, kuma in ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba a kunna wa wuta ba, na'urar gaba ɗaya na iya sandarewa.

Shekara da shekaru maganin da ake yi shi ne a rubuta wa kowane fanel fayil ɗinsa a cusa cikin Linux. Fayiloli suka taru ɗaruruwa, kowa na maimaita aikin da maƙwabcinsa ya riga ya yi. A watan Maris na 2011 Torvalds ya fito fili ya yi wa masu kula da ɓangaren Arm faɗa da irin zafin bakin da aka san shi da shi. Faɗan ya yi amfani. Aka naɗa masu tace duk abin da ya shafi cip ɗin Arm kafin ya iso gare shi, Arnd Bergmann na cikinsu, aka kuma aro wata dabara da kwamfutocin PowerPC suka daɗe suna amfani da ita, wadda ake kira bishiyar na'ura. Taswira ce a fayil daban, mai cewa sashe kaza yana adireshi kaza, ƙafa kaza tana jone da abu kaza, wuta kaza yake ci. Ana miƙa wa Linux ita lokacin tashi. Daga Linux 3.7, a ƙarshen 2012, aka fara iya gina Linux ɗaya da zai hau cip na kamfanoni daban-daban.

Ci gaba ne babba, amma tsugune ba ta ƙare ba. Taswira ba ta zana kanta. Sai wanda ya ga zanen fanel zai iya rubuta ta, kuma ko an rubuta, cewa kawai take yi ga inda mai buɗe bidiyo yake. In babu direban da ya iya magana da shi, an nuna maka ƙofa ne ba a ba ka mabuɗi ba.

Wanda zai rubuta direba kuwa sai ya samu littafin bayanin cip, mai shafi dubbai, inda aka faɗi abin da kowace lamba ke yi in an rubuta ta a kowane adireshi. Wasu kamfanoni, irin su Texas Instruments da NXP masu sayar wa masana'antu, suna sakin nasu. Masu yi wa waya da dikoda kuwa galibi sai ka sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, kuma ba sa kula ka in ba dubban ɗaruruwa za ka saya ba. Abin da kan iso hannun jama'a shi ne ƙulli: fayil da aka riga aka juya zuwa harshen inji, ba mai iya karanta shi balle ya gyara. Ka karɓa ka haɗiya kamar ƙullin magani, ba ka san abin da aka daka a ciki ba.

Ƙullin yana farawa tun kafin Linux ya farka. Da an ba cip wuta, wata 'yar manhaja da aka ƙone a jikinsa tun a masana'anta ce ke fara motsi, ta nemo ta biyu a memori. Aikin ta biyun shi ne ta daidaita ram, domin ram na zamani gudunsa ya kai inda bambancin tsawon zaren tagulla a kan fanel ke iya rikita saƙo, sai an yi ta gwaji ana auna lokaci har a dace. Bayan nan ne U-Boot ko makamancinsa zai ɗauko Linux. Wannan matakin na daidaita ram yana cikin waɗanda aka fi ɓoyewa. Raspberry Pi ma, ƙaramin fanel ɗin kwamfuta wanda ya fito a Fabrairun 2012 a kan dala 35 ya zama abin misali wajen koyar da Linux, tashinsa a bai-bai yake: sashen hoto na VideoCore ne ke fara farkawa da rufaffiyar manhajar Broadcom, kamfanin da ya yi cip ɗin, sannan shi ya tayar da ƙwaƙwalwar Arm. Abin da ya ceci Raspberry Pi shi ne masu shi sun ɗauki nauyin kula da manhajarsa shekara bayan shekara.

Sashen zana hoto shi ne inda aka fi shan baƙar wuya, kuma labarinsa ya isa a tsaya a kai. Arm ya fitar da Mali-400 a 2008, ya shiga miliyoyin wayoyi da tablet masu araha, direbansa a rufe. Luc Verhaegen ya fara bin diddiginsa, wato ya zauna yana leƙen saƙonnin da rufaffen direba ke aika wa ƙarfen, yana canza abu ɗaya ya ga me zai faru, har ya gane harshen. Ya nuna aikin, mai suna Lima, a taron FOSDEM na Brasels a 2012. Aikin ya tsaya, Qiang Yu ya farfaɗo da shi a 2017, sai a 2019 ya shiga babban kundin Linux, wato asalin rubutun da Torvalds da abokan aikinsa ke kula da shi, a fitowa ta 5.2, tare da Panfrost na sababbin Mali, wanda Alyssa Rosenzweig ta jagoranta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakanin fitowar ƙarfe da samun buɗaɗɗen direbansa a babban kundi. A lokacin yawancin wayoyin da ke ɗauke da shi sun daɗe a kwandon shara. Irin wannan bin diddigin Rob Clark ya yi wa Adreno na Qualcomm da aikinsa na Freedreno. Mai buɗe bidiyo na Allwinner kuwa sai da kamfanin Bootlin na Faransa ya yi gidauniya a intanet a 2018, jama'a suka tara sama da yuro dubu 30, aka biya injiniyoyi suka kammala direban. Ka ji fa, masu saye ne suka yi karo-karo don a rubuta abin da mai sayarwa ke da shi a ajiye a ofis.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma adalci ne a faɗi hujjar kamfanonin. Cip ɗaya haɗin gambiza ne. Mai sarrafa ram ko USB sau da yawa daga wani kamfani aka sayo zanensa, kamar Synopsys ko Cadence, da sharaɗin ba za a fallasa ba, don haka ko mai cip ya so saki, ba duka ne nasa ba. Sashen rediyo yana ƙarƙashin dokokin hukumomin sadarwa, waɗanda ba sa son kowa ya iya ƙara ƙarfin sigina ko ya shiga zangon da ba nasa ba. Masu tashoshin talabijin na kuɗi ba za su yarda da dikodar da kowa zai iya buɗewa ba. Akwai kuma tsoron shari'ar haƙƙin ƙirƙira, domin wanda ya baje kayansa a fili ya ba abokin hamayya damar binciko abin da zai kai shi kotu a kai. Duk da haka, a ganina babban dalilin bai kai waɗannan daraja ba. Lissafin kuɗi da lokaci ne kawai.

Ga yadda abin ke tafiya. Kamfani zai fara aikin sabon cip, sai ya ɗauki Linux na wannan shekarar ya yi kwafinsa, injiniyoyinsa su yi ta manna masa faci har komai ya yi aiki, ko ta wace hanya. Ba a neman kyau, ranar shiga kasuwa ake kallo. Wannan kwafin za a miƙa wa mai haɗa waya ko rauta, shi ma ya ƙara nasa facin na sikirin da kyamara. Ranar da kaya suka isa shago, Linux ɗin da ke ciki ya riga ya shekara biyu ko fiye. Google da kansa ya rubuta cewa kafin gyaran da ya yi, har rabin rubutun da ke gudana a zuciyar wayar Android, wato Linux ɗin da ke cikinta, na iya kasancewa ba daga babban kundi ya fito ba. Bayan shekara ɗaya ko biyu an ci ribar cip ɗin, an kwashe injiniyoyi zuwa na gaba, kwafin ya zama maraya. Kuɗin da aka samu an same shi ranar sayarwa, duk wata sabuntawa bayan nan asara ce a littafin akanta.

Shi kuwa babban kundi ba ya jiran kowa. Kowane mako tara zuwa goma ake fitar da sabon Linux, rubutunsa ya haura layi miliyan 40 a farkon 2025, kuma masu kula da shi sun ƙi, da gangan, su yi alkawarin cewa hanyoyin da direba ke bi a ciki za su tsaya yadda suke. Ɗaya daga cikinsu, Greg Kroah-Hartman, ya rubuta takarda musamman yana kare wannan matsayi. Hujjarsu ita ce: kawo direbanka cikin kundi, duk wanda ya canza wani abu shi zai gyara maka naka, in ka ajiye shi a gida, ruɓewarsa a wuyanka. Ina ganin suna da gaskiya, domin wannan ne ya sa direbobin kayan da suka shekara ashirin ke aiki har yau. Amma shigar da direba kundi ba wasa ba ne. Za a duba, a dawo maka da shi, ka gyara, a sake dawowa, wani har sau goma, watanni na wucewa. Manajan da aka ba wa'adin wata shida ba zai zauna jiran wannan ba. RK3588 na Rockchip ya shiga kasuwa a 2022, direban sashen hotonsa, Panthor, sai a Linux 6.10 na 2024 ya shiga, bayan doguwar wahalar injiniyoyin kamfanin Collabora, kuma wannan ana lissafa shi cikin masu sauri.

An yi ƙoƙarin haɗuwa a tsakiya. A 2017 aka sanar da cewa wasu fitowar Linux za su riƙa samun facin tsaro har shekara shida maimakon biyu. A 2023 aka ce za a koma biyu, saboda aikin ya yi wa masu kula yawa kuma ba a cika amfani da tsofaffin ba. Google ya bi ta wata hanya: daga Android 12, sababbin wayoyi masu Linux 5.10 zuwa sama dole su yi amfani da zuciya guda da Google ya gina, kamfanoni su jona nasu direbobin daga gefe. Hakan ya rage ɓarna a waya. Rauta da kyamarar tsaro da dikoda ba su da wani Google a kansu.

To ina lasisi? Ya yi aiki, kuma labarin da ya fi nuna ƙarfinsa shi ne ya fi nuna iyakarsa. A ƙarshen 2002 Linksys ya fitar da rauta mai suna WRT54G. A 2003, shekarar da Cisco ya sayi Linksys, masu bincike suka gano Linux ne a ciki kuma ba a saki rubutun ba. Aka matsa lamba har aka saki. Daga wannan rubutun aka haifi OpenWrt, buɗaɗɗen Linux na rauta, a 2004, wanda yau yake hawa rautoci iri-iri sama da dubu. Amma direban Wi-Fi na Broadcom bai fito ba, ƙulli aka bayar, wanda aka gina don Linux 2.4. Saboda wannan fayil guda, OpenWrt ya ci gaba da jan tsohon 2.4 don waɗannan rautocin har wajajen 2010, alhali 2.6 ya fito tun Disambar 2003. Ƙulli ɗaya ya isa ya ɗaure na'ura gaba ɗaya a turke.

A Jamus Harald Welte ya kai kamfanoni kotu, ya kuma yi nasara tun daga 2004 a Munik, abin da ya tabbatar cewa GPL ba takardar banza ba ce. Sai dai kotu na iya sa kamfani ya saki rubutu, ba za ta iya sa rubutun ya zama mai kyau ba. Sau da yawa abin da ake jefowa tarin fayiloli ne na tsohon Linux, ba bayani, wani ma ba ya ginuwa. Sannan ga kulle. Kamfanin TiVo, mai yin akwatin naɗar shirye-shiryen talabijin, ya saki rubutunsa kamar yadda doka ta ce, amma ya sa akwatinsa ya ƙi tashi da duk manhajar da ba ta ɗauke da sa hannun kamfanin. An rubuta GPL ta uku a 2007 don toshe wannan ƙofa, Torvalds ya ƙi komawa kanta, Linux ya zauna a ta biyu. Yau irin wannan kullen ya zama ruwan dare a waya, kuma yana da amfaninsa na gaske wajen hana ɓarawo da mai kutse canza manhaja. Tambayar ita ce a hannun wa mabuɗin yake bayan kamfani ya daina kula da na'urar.

Wanda zai ce wannan duk rigimar masana ce, ya tuna 2016. Wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni kan bari a kyamarori da rautoci da akwatunan naɗar hoto, ta kame dubban ɗaruruwa. Ranar 21 ga Oktoba aka juya su kan kamfanin Dyn mai kula da adireshin shafukan intanet, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka gagari jama'a a Amurka na sa'o'i. Yawancin na'urorin Linux ne a cikinsu, irin marayun nan da ba mai aiko musu faci, masu su kuma ba su da hanyar sa musu sabo. Mu da kasuwarmu ta dogara da kaya masu araha da na gwanjo, waɗanda ake riƙewa har sai sun mutu, mu ne ke zama da irin waɗannan na'urori a shekarun maraicinsu. Tsohuwar laftof 'yar Kwatano za ta karɓi Linux na bana ta ci gaba da aiki. Wayar da ta fi ta ƙarfi kuwa, ƙarfenta lafiya lau, sai manhajar banki ta ce ba ta hawa. Ayyukan sa kai irin su postmarketOS, da aka fara a 2017 da burin waya ta shekara goma tana aiki, suna ƙoƙari, amma waya ɗaya-ɗaya ake bi, kuma a mafi yawansu akwai abin da ba ya aiki, musamman kyamara.

Wasu sun ɗora fatansu a kan RISC-V, harshen ƙwaƙwalwa da aka fara a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2010, wanda kowa zai iya amfani da shi ba tare da biyan haya ba. Abu ne mai kyau, amma wanda ya biyo mu daga farko ya ga cewa harshen ƙwaƙwalwa bai taɓa zama matsalar ba. Na Arm ma a rubuce yake, Linux ya iya shi sarai. Mai sarrafa ram da mai zana hoto da rediyon da za a kewaye RISC-V da su, daga kamfanonin jiya za a sayo su da sharuɗɗan jiya. 'Yancin ƙara abin da ka ga dama ma na iya ƙara rarrabuwa: D1 na Allwinner da ya fito a 2021 ya zo da wani sashen lissafi da aka gina a kan daftarin da ba a kammala ba, wanda bai dace da wanda aka amince da shi daga baya ba.

Abin da na fi sa wa ido shi ne dokar da ke taɓa aljihu. Dokar Tarayyar Turai kan tsaron kayan dijital ta fara aiki a Disambar 2024, manyan sharuɗɗanta za su hau kan kamfanoni a Disambar 2027, kuma a cikinsu akwai ba da facin tsaro na aƙalla shekara biyar ga yawancin kaya. Wanda aka wajabta wa kula da na'ura shekara biyar zai fara ganin cewa riƙon kwafinsa shi kaɗai ya fi shigar da direba babban kundi tsada. Ko kayan da ake haɗawa don kasuwannin da ba su da irin wannan doka za su ci albarkacin, wannan ya danganta ga ko cip iri ɗaya aka sa musu.

A ƙarshen 2024, shekara ashirin bayan kafuwarsa, OpenWrt ya fitar da rautar kansa tare da masu yin Banana Pi, mai suna OpenWrt One, a kan dala 89. Mutanen da suka fi kowa sanin ciwon ne suka zaɓi cip ɗin, na MediaTek, suka saki zanen fanel, suka bar ƙofa a buɗe, har suka sa mata maɓallin ceto don kada filashin ya kashe ta. Tun a takardar da suka gabatar da shirin sun lissafa abubuwan da ke zuwa a ƙulle a irin wannan cip ɗin: manhajar Wi-Fi, da ta ramin kebul ɗin intanet mai gudun gigabit 2.5, da matakin daidaita ram.